Waswasi a Ɗakin Mai Jego

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar tsayuwa.

Shugaban wannan taro. Wakilin Mai Martaba, Allah ya ja zamanin Sarki. Wakilin shugaban ƙaramar hukumar Kaura Namoda. Mai girma alƙali. Liman Shu'aibu da sauran limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. 'Yan agaji da ke tsaye cikin rana tun hantsi. Baƙinmu da sunka taso daga Shinkafi da Zurmi da Jangeru. Mazajen da sunka bar matansu sunka yi karatu da daɗin rai, da waɗanda sai da anka kai ruwa rana. Ɗaliban wagga Islamiyya ta matan aure masu sauka yau. Yayyena, in akwai sauran wadda ta girme ni a rumfar nan, ƙannena da ɗiyana: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wagga rana. Ina godiya ga malaman makaranta da sunka ba tsohuwa lasifika, ko da yake ban san ko sun yi shawara da waɗanda sunka san ni ba. Ga wanda bai sani ba, sunana Kulsumu, ungozoma ce ni, na yi aikin asibiti har gwamnati ta ce in je in huta. Rabin samarin da ke tsare ƙofar nan ni na yanke musu cibi, saboda haka in na daɗe kar wanda ya nuna mini agogo.

An ce in yi magana kan tsabta da lafiyar mai jego. Na roƙi a bar ni in tsaya kan ciwo guda, ciwon da ke shigowa da rigar tsabta har a yi masa shimfiɗa, wato waswasi. Kuma ba zan ɓoye muku dalilina ba, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai yaro da ya tashi a Jangeru a hannun kakarsa, sunansa Khalil. Uwarsa tana raye, ba saki ya raba su ba, ba faɗa ba, tana zaune cikin masu sauka yau. Sunanta Muhsina, ɗiyar ƙanena ce, ni na riƙe ta tun rasuwar uwarta. Abin da take so a duniya guda ne, a mayar mata da ɗanta. Na nemi izininta kafin in buɗe baki, na nemi na mijinta Malam Abdulrashid, na nemi na surukarta Hajiya Kubura wadda yaron ke hannunta. Hajiya ta ce mini, "Hwaɗi, Kulsumu. In wata za ta tsira da shi, hwaɗi duka."

Kafin in shiga, ku bar ni in koma baya kaɗan, don mu tsofaffi ba mu iya tafiya sai mun waiwaya.

Na tashi a Sakajiki, a gidan gandu, gidan da in an sauke tuwo sai an yi ta kiran suna kamar ana rabon gado. Lokacin jirgi yana shigowa Kaura da ƙarfinsa, a loda gyaɗa da auduga, mu 'yan mata mu biyo manya da ƙwaryar fura mu sayar a tasha, mu tsaya gulbin Gagare mu wanke ƙafa, mu koma gida muna ba da labarin baƙin da munka gani. Wallahi har yau in na wuce tasha na ga yadda ta yi tsit, sai kewa ta kama ni. Laifin daɗi ƙarewa. Amma abin da na fi kewa ba jirgin ba ne, tsakar gidan ne. A gidanmu mai jego ba ta taɓa zama ita kaɗai. Tsohuwa na gindin turmi tana kaɗi, wata na bakin murhu, wata na tsifa, kuma duk idonsu yana kanta. In ta yi shiru da yawa an gani, in ta daɗe a makewayi an gani, in jariri ya yi kuka sau biyu ba a ɗauke shi ba, sai ki ji an ce, "Ke, ɗan wa ake yanka?"

Mahaifiyata, Inna Uwani, Allah ya haskaka kabarinta, karatunta bai wuce na salla ba da ɗan abin da ta ji a bakin mijinta. Tana da zane guda baƙi da ke rataye a igiyar ɗaki, zanen salla. In an kira salla sai ta sauke goyo, ta kwance zanen jikinta, ta zuba ruwa inda ya jiƙe, ta ɗaura baƙin, ta yi alwala da ruwan da bai cika moɗa ba, ta ta da kabbara. Ƙanena na jan gefen zanen, wani na hawa bayanta in ta yi sujada, ba ta taɓa sakewa ba. Akwai wata matar baffanmu da waswasi ya taɓa, a zamanin da babu kotun Shari'a, babu Islamiyya, babu kaset. Sai ta wanke ƙwarya ta sake wankewa har ƙwaryar ta fara laushi. Inna ba ta yi mata wa'azi ba. Ta karɓe tulun ta kai ɗakinta, ta ce, "Allah bai aiko ki wanke duniya ba. Ga moɗa guda, in ta ƙare kin gama." Matar ta yi kuka, ta yi fushi, ta kai ƙara wurin mai gida, mai gida ya ce abin da Uwani ta ce shi ke nan. Na faɗi wannan don kar wani ya tashi daga nan ya ce Kulsumu ta ce Shari'a ta kawo ciwo. Ciwon ya girmi jihar Zamfara, ya girme ni.

Shekarar da anka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, shekarar anka yi auren Muhsina. Kun tuna yadda garin nan ya kasance. Masallatai sunka cika har waje, matan da ba su taɓa riƙe littafi ba sunka sayi jaka, kowace kasuwa ana sayar da kaset ɗin wa'azi, mu da kanmu munka ji kamar an wanke mana zuciya. Kwanaki ne masu daɗi, ban ƙi a dawo da ni cikinsu ba. Muhsina kuwa yarinya ce mai dariya, mai son yara, wadda in ta shiga gidan suna ba ta fita sai an ƙwace jariri daga hannunta. Mijinta malamin firamare ne, anka tura shi Zurmi, sunka kama ɗaki ciki da falo a gidan haya. Ta shiga Islamiyya a can da cikinta. Anka fara musu babin tsarki, anka lissafa musu najasa ɗaya bayan ɗaya, anka ce salla ba ta inganta da ita a jiki ko a tufa. Darasin da ke biye shi ne na abubuwan da Shari'a ta yi rangwame a kansu. Ba ta kai ga wannan darasi ba, haihuwa ta zo.

A gidana ta haihu, a hannuna, a gidana ta yi wankan arba'in. Ta koma Zurmi lafiya lau a ganin ido, ni kuma ciwon ido ya kai ni Kaduna wurin ɗana, na daɗe can. Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi, da bakin mijinta.

Jariri dai kun san aikinsa. Ya yi mata fitsari a zane, ta wanke. Ta ta da salla, sai zuciya ta ce, anya bai taɓa ɗankwali ba? Ta sallame ta wanke ɗankwali. Zuciya ta ce, hannun da ya wanke ɗankwali ya taɓa buta. Ta wanke buta. To ruwan da ya fantsamo daga buta fa? Haka za ta shiga makewayi da azahar, a kira la'asar tana ciki. Ta ci gaba da dafa ruwan wanka safe da yamma bayan arba'in ta wuce da nisa, hannuwanta sunka tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Daga nan ta daina goya yaron, don goyo shi ke jiƙa baya. Daga nan ta daina ɗora shi a cinya. Daga nan shayarwa ma sai ta jinkirta ta har sai ta yi salla, sallar kuwa ba ta ƙarewa. Yaro na kuka a kan gado, uwa na kuka a makewayi, bango guda ne tsakaninsu.

To ga inda nake so ku buɗe kunne, don nan ne abu na farko da na zo da shi: yadda ciwon nan ya ɓuya a gaban idon kowa.

Maƙwabta sunka ga hayaƙin ruwan zafi kullum, sunka ce, "Madalla da wagga yarinya, ta ƙara wanka, ba irin 'yan zamani ba masu gudun ruwan zafi." Mijinta ya ga ba ta rabuwa da buta, ya ji daɗi a ransa, ya ce Allah ya ba shi mace mai tsoron Allah a zamanin tsoron Allah. Hajiya Kubura, wadda Bafulatana ce, ta zo daga Jangeru ganin jika, ta ga yaro na kuka uwar ta kau da kai, ta ƙi ɗaukarsa a gabanta, sai ta koma gida tana yabo: "Ɗiyar Hausawa ce, amma fulakonta ya fi na Fulani." Domin a al'adarmu, mu Hausawa da su Fulani, mace tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi. Wankan jego al'ada ce, kunyar ɗan fari al'ada ce, son tsarki addini ne. Ciwo ya samu mayafi uku masu kyau ya lulluɓa, kowa ya zo ya yaba mayafin ya wuce. Ba wanda ya yi mugunta a cikinsu, kowa abin da ya sani ya gani.

Zuwan Hajiya na biyu ne asiri ya tonu. Ta yi sallama ba a amsa ba. Ta tarar da yaron muryarsa ta dushe don kuka, maɗigarsa ta faɗa, fatar cikinsa in an ja ba ta komawa. Ta buga ƙofar makewayi, Muhsina ta ce, "Inna, saura kaɗan." Hajiya ta saɓi jikanta, ta kai shi asibiti anka yi masa ƙarin ruwa, daga can ba ta dawo da shi Zurmi ba. Ta wuce da shi Jangeru, matar ƙaramin ɗanta da ke goyo ta haɗa da nata ta shayar. Ina faɗa a gaban jama'a, Hajiya, ke kika ceci ran yaron nan. Da ni ce a wurin, abin da zan yi ke nan.

Da na dawo daga Kaduna na je Zurmi, ban gane ɗiyata ba. An kai ta wurin masu hayaƙi, an ce aljana ce mai son ruwa. Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce ƙin ɗan take yi. Na zaunar da ita na ce, "Muhsina, ba ki son yaron nan?" Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, nonona har zuba yake in na tuna shi. Amma in na ɗauke shi sallata ta ɓaci, in sallata ta ɓaci wuta zan shiga. Na san ba hankali a ciki, na sani, amma na kasa bari." Ban taɓa jin maganar da ta karya mini zuciya kamar wannan ba.

Abu na biyu, mene ne shi wanga ciwo. Ku riƙe kalmarta: na sani, amma na kasa bari. Mahaukaci bai san yana hauka ba. Mai waswasi ya sani sarai, shi ya sa yake ɓoyewa, shi ya sa yake shan azaba biyu. Tunani ne ke faɗo masa wanda bai gayyata ba, ya tayar masa da hankali, sai ya yi wani aiki don ya samu sauƙi: ya sake alwala, ya sake niyya, ya sake wanki, ya sake tambaya. Sauƙin ya zo na ɗan lokaci, tunanin ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Kamar susar ƙaiƙayi ne, kana susa yana ƙaruwa. Ba mata kaɗai yake kamawa ba. Malamai, ku duba sahunku, akwai mai ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, har liman ya yi ruku'u bai ƙulla niyya ba. Akwai mahaucin da ke shakkar ko ya yi bisimilla. Akwai magidancin da ke zuwa wurin alƙali yana tambaya ko abin da ya ratsa zuciyarsa ya zama saki. Waɗannan ba su fi mu tsoron Allah ba, kuma ba su fi mu ƙarancin imani ba. Marasa lafiya ne, kuma jego yana daga lokutan da ciwon ke samun ƙofa.

Abu na uku, me addini ya ce. Nan ba fagena ba ne, ga masu shi a zaune, in na karkace su miƙe ni. Na ɗauki Muhsina na dawo da ita gidana, na kai ta zauren Liman Shu'aibu. Ta zauna bayan labule ta zayyana masa komai. Liman ya ce, "Ɗiyata, wa ya karantar da ke rabin babi ya sake ki?" Ya gaya mata cewa malaman fiƙihunmu tun tuni sun yi wa mai shayarwa rangwame kan abin da ya same ta na fitsarin jariri, muddin tana iya ƙoƙarinta, sun kuma so ta keɓe zane na salla. Ya ce asalin abubuwa tsarki ne har sai an tabbatar da najasa, kuma shakka ba ta kore yaƙini. Ya ce wanda shakka ke zo masa kullum yana da suna a fiƙihu, mustankihi, hukuncinsa kuwa shi ne ya yi watsi da shakkar ya wuce, ba ya sakewa. Ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa. Ya tuna mata cewa surar da ake fara koya wa yaro bayan Fatiha, ta neman tsari ce daga mai sanya waswasi, don Allah ya san bayinsa za su gamu da shi. Ina zaune ina saurare, sai ga baƙin zanen Inna Uwani a idona. Ashe abin da ke cikin littafi shi tsohuwar ke aikatawa a Sakajiki.

Muhsina ta ji sanyi, munka dawo gida. Washegari ta ce in mayar da ita, tana da tambaya. Tambayar jiya ce ta sake mata riga. Liman ya ce, "Na amsa wagga jiya, kuma ba ni amsa ta yau. In na amsa, ciwon na ciyar, ba ke ba." Ta fito tana hawaye tana cewa Malam ya wulaƙanta ta. Ni kaina sai da na ji haushinsa a hanya. Amma kafin mu fita ya ce mini, "Kulsumu, nawa na yi. Fatawa tana gyara sani, ita kuwa ba sani ta rasa ba yanzu. Ku kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma bai ce a zaure kaɗai ya ajiye shi ba."

Wannan ya kawo ni abu na huɗu, magani. Mu nan da an ce za a kai mutum Sakkwato ganin likitan ƙwaƙwalwa, sai dangi su fara rufe fuska. Malam Abdulrashid ya yi ta jan ƙafa, yana cewa me za a ce a makarantarsu. Na ce masa, "Malam, ɗanka na Jangeru, matarka na makewayi, kai kana tsoron bakin mutane? Bakin mutane ya taɓa goya maka yaro?" Allah ya yi masa albarka, shi ya nemo mota.

Likitan bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce ciwo ne sananne, yana ganin irinsa a Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kowa ta inda ya fi ƙauna yake kama shi. Ya ba ta ƙwayoyi, ya ce ba sa aiki rana ɗaya, sai an yi haƙuri, kuma kar a daina don an ji sauƙi sai da saninsa. Sannan ya ce akwai horo: ta riƙa taɓa abin da take tsoro, kaɗan kaɗan, ta hana kanta wankin da ya wuce ƙa'ida, ta zauna da tashin hankalin har ya sauka da kansa. Mu kuma mu daina ɗebo mata ruwa, mu daina rantse mata cewa wuri da tsarki. Na ce, "Likita, ai wannan maganar Liman ce, kuma maganar uwata ce." Ya yi dariya ya ce to ga shaidu uku.

Sai dai horon yana son jariri, nata kuwa ba ya nan. To ni da na karɓi haihuwar rabin garin nan, jariri zai yi mini wuya? Na shiga unguwa aron goyo. Matan Kaura, kun san kanku, ga ku nan a zaune, Allah ya saka muku. Ranar farko anka ɗora mata jaririyar maƙwabciyata a cinya. Ta ce, "Gwaggo, karɓe ta, don Allah karɓe ta." Na ce hannuna na ciwo. Daga cinya munka koma kafaɗa, daga kafaɗa munka koma baya. Buta guda, wanki guda, salla guda. Akwai ranar da na kama ta ta zagaya rijiyar maƙwabta, akwai makon da munka koma kamar ba a fara ba, akwai ranar da ta ce mini na fi Fir'auna, na ce na gode, ɗauki yarinyar. Addu'a ba mu bari ba, azkar ba mu bari ba, amma ko su Liman ya ce sau ɗaya, kar a mayar da su wani sabon wankin. Sannu ba ta hana zuwa. Har ta koma makaranta, wagga da kuke ciki, ta fara daga babin da ta tsaya. Ba zan ce muku ya tafi ɗungurungum ba, har yau yakan leƙo. Bambancin shi ne yanzu ta san muryarsa, ba ta buɗe masa ƙofa.

Saboda haka ina roƙo. Malaman Islamiyya, ranar da kunka karantar da najasa, a ranar ku karantar da rangwame, kar ku ce sai mako mai zuwa, don ba ku san wadda naƙuda za ta kama kafin mako mai zuwa ba. Masu wa'azi, kun tsoratar da mu kuma mun tsorata, to ku riƙa haɗawa da rahama, akwai zukatan da tsoro kaɗai ke shiga. Magidanta, gidan gandu ya watse, tsofaffin da ke gadin mai jego sun kwanta dama, kun kai ɗiyan mutane ɗakin haya kun rufe. To ku zama idon da tsofaffin nan suke. Mu kuma mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kunya ado ce, ban ce a bar ta ba. Amma mai kunyar ɗan fari, in surukai sun fita, wuf take yi ta rungume abinta. In kin ga ɗaki ya watse uwa ba ta ɗauki ɗa ba, wannan ba kunya ba ce, ki tambaye ta lafiya.

Saura maganar Khalil. Mun je Jangeru ba sau ɗaya ba. Yaro ya yi wayo, yana gudu, yana magana, Fulatanci ma ya fi kama bakinsa. In ya ga Muhsina sai ya ɓuya bayan kakarsa, don a wurinsa baƙuwa ce. Hajiya ta karɓe mu da mutunci kowane zuwa, ta ba mu nonon shanu har mu ƙoshi, amma in anka zo maganar yaro sai ta ce, "Ni na ga maɗigarshi, ku ba ku gani ba. Takardar likita ba ta yi mini komi. Sai na gani da idona." Ban ga laifinta ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Yau da hantsi sunka iso gidana ita da shi, don wagga walima. Hanya ta gajiyar da yaro, ga baƙin wuri, ga hayaniyar masu girki, ya yi ta rigima har barci ya fara ɗibarsa. Hajiya na fama da ƙafa, ba ta iya goyo yanzu. Muhsina ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, in goya miki shi?" Hajiya ta dube ta, sannan ta miƙa mata shi. Ya yi barci a bayan uwarsa, ƙafafunsa na reto har gwiwarta, don ya wuce goyo. Ana gab da kiran azahar ya jiƙa ta sharkaf, har yana ɗiga. Ni kaina ludayi ya tsaya a hannuna. Muhsina ta kwantar da shi a tabarma, ta sake masa wando, ta shiga ta zuba ruwa a bayanta, ta fito da wani zane, ta yi alwala da buta guda har da saura. Ta yi raka'a huɗu ta sallame. Yaron ya motsa, ta jawo shi ta ɗora a cinya tana tasbihi.

Hajiya Kubura ba ta ce an gama ba, ba ta ce ba a gama ba, kun san Fulani. Ni ma ban tambaye ta ba. Amma da muna shirin fitowa nan, na ji ta kira Muhsina gefe tana ce mata, "Ba ya shan hura in ta yi tsami. Tsoron akuya yake, kar a yi mishi dariya. In ya farka yana kuka, bayanshi ake shafawa, ba kai ba. In ya kira Inna, ni yake nufi, kar ki ji zafi, zai saba." Muhsina na tsaye tana gyaɗa kai tana haddacewa, uwa ana karanta mata ɗanta. Hajiya ta juya ta gyara lulluɓi, ta daɗe tana gyarawa.

Ya Allah, ka saka wa Hajiya Kubura da gidan Aljanna, ka sanyaya mata ɗakin da za ta koma ta tarar babu motsin yaro. Ya Allah, ka sanya ƙaunar uwa a zuciyar Khalil, ka tabbatar wa Muhsina lafiyarta. Ya Allah, duk wanda ke cikin wanga taro yana fama da waswasi a ɓoye, namiji ko mace, ka ba shi ƙarfin faɗa, ka haɗa shi da malami mai tausayi da likita mai sani. Ka jiƙan iyayenmu da sunka rene mu cikin sauƙin addini. Ka sa albarka a karatun waɗanga ɗalibai, ka zaunar da Kaura da Shinkafi da Zurmi da jiharmu lafiya, ka ba mu damina mai albarka, ka mayar da kowane baƙo gidansa cikin aminci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.